Dangin Bayolet da Ɗan'uwansu da ke Gonakinmu: Darasi kan Rarrabe Ƙananan Tsirrai

Gabatarwa

A ƙasar Ashige da maƙwabtanta, su Adogi da Assakio a gabashin Lafiya, damina kan kankama daga wajen watan Afrilu ta kai har Oktoba. Wannan tsawon lokaci alheri ne ga doya da rogo da riɗi da agushi da masara, amma ita ma ciyawa tana cin moriyarsa, domin kafin wata ta mutu wata ta tsiro. Daga cikin ciyayin da ke fitowa akwai ƙanana da dama masu fure ruwan hoda ko shunayya, waɗanda ido kan ɗauka abu guda ne idan an hange su daga tsaye. Alhali wata tana shan jinin hatsi, wata kayan miya ce, wata kuwa ba ta tare wa kowa komai ba. Manomin da ya kasa bambanta su yana iya kashe kuɗin feshi a kan wadda ba ta yi masa laifi ba, ya bar mai halaka gona ta zuba iri.

Saboda haka, malamin gona da kai manomi, wannan darasi zai ɗauki dangin tsirrai guda ɗaya, wanda masana ke kira Violaceae, wato dangin furannin da Turawa ke kira bayolet da fansi, domin ya nuna maka yadda ake gane ƙaramin tsiro ta hanyar siffar furensa da kwansonsa. An zaɓi wannan dangi ne saboda dalilai biyu. Na farko, ƙananan fansin daji sun daɗe suna wahalar da masana, kuma kurakuran da aka yi a kansu su ne irin waɗanda mu ma muke yi a gona. Na biyu, dangin yana da wakili a ƙasarmu, wanda fartanya ke sarewa kowace damina ba tare da an tsaya an dube shi ba.

Yadda masana ke jera tsirrai

Tsarin da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus, wanda ya wallafa littafinsa Species Plantarum a shekarar 1753. Shi ne ya daidaita al'adar ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da harshen Latin. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan nau'i. A wannan darasi za mu yi amfani da kalmomi huɗu, daga ƙarami zuwa babba: nau'i, gida, dangi, zuriya. Nau'o'i masu kusanci sukan haɗu a gida ɗaya, gidaje su haɗu su zama dangi, dangogi su haɗu su zama zuriya. Idan gida ya yi girma sosai akan raba shi sassa, kamar yadda babban gidan gandu yake da sashen wane da sashen wane amma zaure ɗaya ake shiga.

A lura da kalmar iri. Irin da cibiyoyin bincike ke fitarwa, kamar su SAMPEA na wake ko SAMMAZ na masara, mataki ne da ke ƙarƙashin nau'i. Duk SAMPEA wake ne, sunansu ɗaya a Latin, Vigna unguiculata.

Ga misalin da zai nuna maka amfanin tsarin. Idan aka tambayi manomi wace ce 'yar'uwar gurjiya, nan take zai ce gyaɗa, tunda duka biyun a ƙarƙashin ƙasa suke 'ya'ya. Amma sunan gurjiya Vigna subterranea, na gyaɗa kuwa Arachis hypogaea. Wato gurjiya da wake gidansu ɗaya, gyaɗa kuwa dangi kawai suka haɗa. Kamanni a ido abu ne daban da kusancin jini, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Alamomin dangin Violaceae

Dangin yana da nau'o'i kimanin 1,000 a duniya. Fiye da rabinsu suna cikin gida ɗaya, Viola, wanda wani babban bita da masana suka wallafa a 2022 ya ƙirga masa nau'i 664. Yawancin 'yan gidan Viola tsirran ƙasashen sanyi ne. A Afirka ta tsakiya sai a kan manyan duwatsu ake samunsu, kamar Viola abyssinica da ke tsaunukan Habasha da gabashin Afirka da na Kamaru. Don haka kada ka sa ran ganin Viola ta daji a gonar Ashige. Gida na biyu a girma shi ne Rinorea, ƙananan itatuwa da ke rayuwa a inuwar kurmi.

Idan ka tsinki fure kana son sanin ko ɗan wannan dangi ne, ƙirga. Korayen ganyayyakin da ke tallafe da fure daga baya biyar ne. Fiffiken furen, wato ganyayyakinsa masu launi, su ma biyar ne, kuma kowanne a ware yake, ba su manne sun zama bututu ba. A ƙananan tsirran dangin fiffiken ba girmansu ɗaya ba: na ƙasa ya bambanta da sauran, kuma gindinsa ya zurma baya ya yi 'yar jaka ko ƙaimi irin na zakara, inda ruwan zaƙin da ke jan ƙwari yake taruwa. Sandunan da ke ɗauke da garin fure biyar ne, gajeru, sun kewaye tsakiyar furen. A gindin kowane ganye akwai 'yan kunnuwa biyu. Sai babbar alama, kwanso. Idan ya nuna yakan tsage gida uku, kowane ɓari kamar ɗan kwale-kwale da ƙwayoyin iri jere a tsakiyarsa. Yayin da ɓarin ke bushewa sai ya matse, ƙwayoyin su yi tsalle su faɗa nesa da uwar.

Launi ba ya cikin wannan lissafi. Akwai wani furen ado da ake sayarwa a tukwane a duniya da sunan bayolet ɗin Afirka, wanda aka fara tattarawa a tsaunukan Usambara na Tanzaniya a 1892. Launinsa ne kawai ya jawo masa sunan. Fiffikensa a manne suke daga gindi, kuma danginsa Gesneriaceae ne, nesa ƙwarai da dangin da muke magana a kai.

Fansin daji da rikicin da suka jawo

A cikin gidan Viola akwai sashe mai suna Melanium, mai nau'o'i sama da 100, kuma 'yan wannan sashe ne ake kira fansi. Bambancinsu da bayolet na ainihi a bayyane yake. Bayolet fiffikensa biyu ne ke kallon sama, uku suna kallon ƙasa, kuma kunnuwan gindin ganyensa ƙanana ne. Fansi kuwa huɗu ne ke kallon sama, ɗaya a ƙasa, furen ya yi fadi kamar fuska, kuma kunnuwan sun yi girma sun rarrabu kamar yatsu har mutum ya ɗauka ganye ne.

Uku daga cikinsu ƙanana ne masu rayuwar shekara guda, kuma su ne suka fi shiga gonaki a Turai. Viola tricolor, wadda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, furenta yakan haɗa shunayya da rawaya da fari, kuma fiffiken sun fi korayen ganyen bayansu tsawo. Viola arvensis, wadda Johan Murray ya ware a 1770, furenta ƙarami ne mai launin madara, fiffikensa ba su wuce korayen ganyen ba. Ita ce ciyawar gonakin alkama da sha'ir. Ta uku, Viola kitaibeliana, an raɗa mata sunan wani masani ɗan Hangari mai suna Kitaibel, kuma ita ce autarsu, domin sau da yawa tsawonta duka bai kai na ɗan yatsa ba.

A takarda abin da sauƙi. A fili kuwa ba haka ba ne. Tsiro ɗaya idan ya faɗa ƙasa mai taki sai ya yi reshe ya yi manyan furanni, idan ya faɗa jigawa mara ƙarfi sai ya tsumbure ya yi kama da wani nau'in dabam. Furen farkon lokaci ya fi na ƙarshen lokaci girma a jikin tsiro guda. Bugu da ƙari, tricolor da arvensis suna barbarar juna inda suka haɗu, su haifi 'ya'ya masu tsaka-tsakin kamanni. A ƙarni na 19 wani masani Bafaranshe, Alexis Jordan, ya bi waɗannan ƙananan bambance-bambance yana ba kowanne suna nasa, har sunayen fansin daji suka yi yawa fiye da kima. Yawancin sunayen nan yanzu an mayar da su ƙarƙashin nau'o'i kaɗan. Wanda ya taimaka wajen warware kullin shi ne Jens Clausen ɗan ƙasar Danmak, a shekarun 1920. Shi bai tsaya ga kallo ba: ya shuka tsirran wuri ɗaya, ya haɗa su barbara da hannu, ya kuma ƙirga zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halittarsu, waɗanda ake kira kuromosom. Tricolor tana da 26, arvensis tana da 34. A Amurka ta Arewa ma an daɗe ana ɗaukar wata ƙaramar fansi a matsayin kitaibeliana da baƙi suka shigo da ita, kafin a amince cewa 'yar ƙasa ce mai zaman kanta, Viola rafinesquei, wadda wasu littattafai ke kira Viola bicolor.

Abin da malamin gona zai ɗauka daga nan shi ne, girman tsiro da hasken launinsa shaidu ne marasa ƙarfi, domin taki da ruwa da inuwa suna canza su. Shaidun da ake dogara da su su ne yawan sassan fure, yadda suke jere, tsawon wani idan an gwada shi da wani, da siffar kwanso da ƙwayar iri. Kuma ba a yanke hukunci da tsiro ɗaya. Ka duba goma daga wurare dabam-dabam na gonar.

Akwai kuma darasin feshi. Viola arvensis ba ta da ƙarfin gasa da hatsi sosai, amma ta yawaita a gonakin Turai bayan da aka dogara da magungunan kashe ciyawa, saboda da yawa daga cikinsu ba sa kama ta yadda suke kama sauran. Da aka kawar mata da abokan gasa sai fili ya zama nata. Duk inda ake maimaita magani ɗaya shekara da shekaru, ciyawar da jiya ba a san da ita ba tana iya zama ta gaba gobe. Wanda bai san sunayen ciyayin gonarsa ba ba zai ankara da wannan sauyi ba sai ya yi nisa.

Wakilin dangin a ƙasarmu

Tsiron da ke wakiltar wannan dangi a filayenmu shi ne wanda yawancin littattafai suka sani da Hybanthus enneaspermus. Ya bazu a Afirka mai zafi, da Indiya, har zuwa arewacin Ostireliya. Yana son ƙasa mai yashi-yashi, bakin hanya, saura, da tsakanin kunyoyi inda rana ke samunsa. Turawa suna kiransa furen shebur, Yarbawa kuma suna ce masa abiwere.

Tsawonsa yawanci tsakanin santimita 10 zuwa 30 ne, wani lokaci ya ɗara haka, yana reshe tun daga gindi. Ganyensa siriri ne mai tsini, kusan ba shi da mariƙi, kuma ganyayen ba sa fuskantar juna: ɗaya a nan, na gaba a ɗaya gefen sama kaɗan. Kunnuwan gindin ganye ƙanana ne masu tsini kamar allura. Fure ɗaya tak ke fitowa daga hammatar kowane ganye, ruwan hoda ko shunayya. Da farko za ka yi tsammanin fiffike ɗaya gare shi, domin na ƙasa ya yi girma ya baje kamar bakin shebur, da siririn wuya, da 'yan layuka masu duhu a kansa. Ɗaga shi ka duba da kyau, za ka ga sauran huɗun ƙanana a maƙale a gindinsa, da 'yar jakar ruwan zaƙi a baya. Da safe ya kamata a nemi furen, domin ba ya jure zafin rana, yakan yanƙwane.

Kwansonsa ɗan dunƙule ne, bai kai ƙwayar wake ba, yana tsagewa gida uku kamar na sauran dangi. Ƙwayoyin irin farare-farare ne masu zane a tsaye. Kalmar enneaspermus ma'anarta mai ƙwaya tara, amma kada ka riƙe wannan da ƙarfi, domin adadin yakan gaza tara ko ya wuce.

Tono shi ka duba saiwa. A gonar da ake nomewa kowace shekara yakan rayu damina ɗaya ne, ya zuba iri ya mutu. A saurar da aka daɗe ba a taɓa ba gindinsa yakan yi itace, ya sha rani, ya sake toho da ruwan farko. Ka ga ke nan ko batun shekara ɗaya da shekaru da yawa bai isa a raba nau'i da shi ba.

Tsiro ɗaya, suna biyar

Wannan ɗan tsiro ya sha sauyin suna, kuma ya kamata malamin gona ya san su duka, domin kowane littafi da wanda yake amfani da shi gwargwadon shekarar da aka buga shi. A 1753 Linnaeus ya sa shi cikin gidan bayolet, ya kira shi Viola enneasperma, daga samfurin yankin Indiya da Siri Lanka. A 1803 Ventenat na Faransa ya fitar da shi zuwa gidan Ionidium. A 1876 Ferdinand von Mueller, Bajamushen da ya yi aikinsa a Ostireliya, ya mayar da shi gidan Hybanthus, kalmar da ke nufin fure mai doro, kuma a nan ya zauna fiye da shekara 130. Daga baya binciken DNA ya nuna cewa gidan Hybanthus tarin baƙi ne da suka yi kama da juna kawai, kuma masu gidan na asali 'yan nahiyar Amurka ne. Sai aka gina wa na Afirka da Asiya sabon gida a 2015, Afrohybanthus. Ba a jima ba aka lura cewa tun 1824 akwai sunan da aka taɓa ba wasu 'yan wannan rukuni, Pigea. Dokar raɗin suna kuwa ta ce sunan da ya riga shi ke da haƙƙi. Don haka a 2021 ya zama Pigea enneasperma.

Wasu malaman gona sukan ji haushin irin wannan, su ce masana ba su da aikin yi. Haushin yana da dalili, domin kowane sauyi yana tsufar da littattafan da ke ofis. Amma ka lura cewa tushen kalma ta biyu bai canza ba tun 1753, ƙarshenta kawai ke ɗan sauyawa. Idan kana bincike a littafi ko a intanet, ita za ka bi. Kuma kowane sauyi ya zo ne da hujjar da wani zai iya dubawa ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Irin wannan sauyi ya taɓa dangin baki ɗaya. A tsarin da Arthur Cronquist ya fitar a 1981, an haɗa dangin bayolet a zuriya ɗaya da dangin kabewa da agushi da kankana, da kuma gwanda. Hujjar ita ce ƙwayoyin irinsu a jikin bangon ɗan suke manne. Yanka gwanda ka gani da idonka. Amma daga 1998, da aka fara jera tsirrai bisa shaidar DNA, an raba wannan taro. Dangin kabewa ya samu zuriyarsa, gwanda ta koma wajen zogale da kabeji da gasaya, dangin bayolet kuwa ya faɗa zuriyar Malpighiales tare da rogo da zurma da bini-da-zugu. Wato ɗan tsiron da ke gindin rogonka ya fi kusa da rogon fiye da agushin da ke yaɗo a gefensa.

Waɗanda ake rikita shi da su

Wadda ta fi muhimmanci ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ta hatsi, Striga hermonthica, tana kama masara da dawa da gero, ta wake kuma, Striga gesnerioides, gajera ce mai ƙananan furanni shunayya. Ga yadda za ka raba su da namu. Furen wuta-wuta fiffikensa a manne suke sun zama bututu mai lanƙwasa, idan ka ja shi gaba ɗaya yake zarewa. Furannin sun taru a saman kara suna bin juna. Ganyen ta hatsi yana da kaushi, na ƙasa suna fuskantar juna biyu-biyu, ta wake kuwa ganyenta 'yan ɓawo ne kawai. Idan ka tona a hankali za ka tarar da saiwarta a liƙe da saiwar amfanin gona. Kwansonta cike yake da iri mai laushi kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubata, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 yana jira. Wannan ita ce wadda ba a yi wa jinkiri: a tuge ta kafin fure ya zama kwanso, a fitar da ita daga gona a ƙone. Hybanthus kuwa da saiwarsa yake ci, ba ya liƙe wa kowa.

Balasa, wato Commelina, furenta shuɗi ne mai fiffike uku, manya biyu a sama da ƙarami ɗaya a ƙasa, kusan akasin namu. Karanta mai ruwa ne, jijiyoyin ganyenta a miƙe suke kamar na masara, kuma idan an sare ta aka bar guntayen a danshi kowace gaɓa sai ta kama. 'Yan'uwan gasaya na daji masu fure shunayya fiffikensu huɗu ne, kwansonsu dogo siriri. Karkashi kuwa furensa ƙararrawa ce irin ta riɗi, domin danginsu ɗaya, kuma matan gida ba za su gode wa wanda ya fesa masa magani ba.

Abin yi a gona

Hybanthus ba ciyawar da za a sayi magani dominta ba ce. Noman firi a mako na 2 zuwa na 3 bayan shuka da maimai a mako na 5 zuwa na 6 sun isa su kawar da shi tare da sauran ƙananan ciyayi, muddin an yi kafin kwanso ya ƙosa. Idan an makara har kwanson ya yi, kada a bar abin da aka nome a kan kunya, domin yana bushewa zai fashe ya watsa iri. A sabuwar gonar da aka sare daga tsohuwar saura, a sa fartanya ta shiga ƙasa sosai ta ciro gindin.

Ga mai feshi kuwa, akwai rabon da ya fi na dangi girma, kuma shi ne ya fi shafar aljihu. Tsirrai masu fure sun kasu gida biyu a idon manomi: masu tsirowa da kunne ɗaya da jijiyoyin ganye a miƙe, kamar masara da shinkafa da dawa, da masu tsirowa da kunne biyu da jijiyoyin ganye kamar raga. Hybanthus yana cikin na biyu, tare da riɗi da rogo da wake da gyaɗa da agushi. Magani irin 2,4-D an yi shi ne ya kashe masu faɗin ganye ya ƙyale dangin hatsi. Yana da amfani a gonar shinkafa ko masara zalla, amma a gonar riɗi ko inda aka haɗa masara da agushi zai ƙone amfanin tare da ciyawar. Ko iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci sai ya nannaɗe ganye. Karanta takardar jikin kwalba, ka tabbatar akwai lambar rajistar NAFDAC, ka kuma tabbatar an ambaci amfanin gonar da za ka fesa.

Batun magani

Sunan abiwere da Yarbawa suka ba tsiron yana nuni ne da haihuwa cikin sauƙi, domin ana ba masu juna biyu shi a maganin gargajiya. A Indiya ma sananne ne wajen masu magani. A nan ne kuskuren gane tsiro yake zama haɗari ga rai, saboda mai saye a kasuwa busasshen ganye kawai yake gani, babu fure babu kwanso.

Ko da an gane shi daidai, akwai abin lura. Tsirran wannan dangi suna ɗauke da wasu ƙananan sinadarai masu siffar zobe da ake kira saiklotayid, waɗanda suke kare su daga ƙwari, kuma tafasawa ba ta lalata su. An fara gano irinsu ne a wani tsiro na wani dangi dabam, Oldenlandia affinis, bayan da wani likita ɗan Norwe, Lorents Gran, ya ga matan Kwango suna shan ruwan dafaffen ganyensa lokacin naƙuda a shekarun 1960. Sinadarin da ya ciro daga ciki yana sa mahaifa ta matse da ƙarfi. Ba kowane saiklotayid ke wannan aiki ba, amma wannan ya isa ya nuna cewa ganye ƙarami yana iya ɗaukar abu mai ƙarfi. Saiwar wasu 'yan dangin kuma tana sa amai. Malamin gona ba likita ba ne. Idan aka tambaye ka, ka faɗi sunan tsiron in ka tabbatar, ka kuma shawarci mai juna biyu ta je awo asibiti, ta gaya wa ma'aikatan lafiya duk abin da take sha.

Yadda ake ɗaukar samfur

Idan ka ci karo da tsiron da ka kasa ganewa, ko ka ga wata ciyawa tana yawaita a gonakin da ake yawan feshi, ɗauki samfur. Tono tsiron gaba ɗaya da saiwarsa, ka zaɓi mai fure da kwanso, domin ganye kaɗai ba ya wadatar da masani. Idan kana zargin wuta-wuta ce, haɗa da saiwar amfanin da take liƙe da shi. Kakkaɓe ƙasar, ka shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, ka juya wasu ganyayen domin a ga bayansu, ka baje furen da ɗan tsinke. Ɗora katako da dutse a kai, a ajiye a inuwa mai iska. A damina sai an canza jaridar kowace rana, in ba haka ba zai yi fumfuna. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙaramin tsiro ya bushe. Ƙwayoyin da suka zubo a ƙulle su a 'yar takarda a haɗa. Kada a sa ɗanyen tsiro a leda a rufe, kwana ɗaya ya isa ya ruɓe.

Rubutun da ke tare da samfur ya kai samfurin daraja. Rubuta sunan gari da unguwa, kwanan wata, irin ƙasar, abin da aka shuka a gonar, maganin da aka fesa a shekarun baya, da launin furen tun yana ɗanye, domin launi yana gushewa idan ya bushe. Idan wayarka tana nuna lambobin wuri, ka rubuta su, ka kuma ɗauki hoton furen daga gaba da daga gefe da wani abu kusa da shi, kamar ashana, don a gane girmansa.

Sai sunan gargajiya. Ƙasar Lafiya ta tara harsuna da yawa, Hausa da Alago da Migili da Eggon da Gwandara da Tibi da Fulatanci, kuma suna ɗaya yana iya hawa tsirrai biyu ko uku, kamar yadda tsiro ɗaya yake iya samun suna dabam a ƙauyen gaba. Tambayi dattawa da mata masu tsinkar ganye da makiyaya, ka rubuta sunan yadda aka faɗe shi da harshen da aka faɗe shi. Da irin wannan tambaya ce J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa da aka buga a 1916, waɗanda masana ke komawa gare su har yau.

A busar da kwafi uku na kowane tsiro. Ɗaya ya zauna a ofishin yanki a cikin fayil da 'yar ƙwayar kafur saboda ƙwari. Sauran biyun a miƙa su ta hannun hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Nasarawa da ke Lafiya, domin a kai su sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ko ɗakin ajiyar busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. A ba kowane tsiro lamba ɗaya a kan kwafinsa uku, domin idan amsa ta dawo a san wanne ake nufi.